Shekarar Raga Biyu

Safiya, Abba, Maryam, na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku yadda na baro gida, da shekarun da na yi ina tsinkar auduga a Sudan, da tsallakowar teku, duk ban tsaya ba. Da na iso nan sai na ajiye alƙalami fiye da wata guda. Ranar zaman makokin mahaifiyarku kun ji wani dattijo daga Jidda yana gaya wa mutane cewa ni na kawo aikin raga biyu a tashar jiragen ruwa, kuma na ga yadda kuka ɗago kai kuka dube ni. Bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya sani. Da Hausa nake rubutawa don da ita abin ya faru. Wanda ta yi wa nauyi a cikinku, yayarku ta karanta masa a hankali.

A shekarun da ake ta rushe gidajen kusa da Harami don a faɗaɗa shi, tashar Jidda ba irin wadda kuka sani ba ce. Waɗannan manyan akwatunan ƙarfe, kwantena, da inji ke ɗauka ya ɗora wa mota, sai daga baya suka zo. A lokacinmu kaya a buhu suke zuwa, shinkafa da gari da sukari da siminti, kuma babu buhun da zai isa Makka bai bi ta bayan mutum ba. Wurin da jirgi zai raɓi gaɓa kaɗan ne. Sauran jiragen can cikin ruwa suke tsayawa, a sauke kayansu cikin manyan kwale-kwale a kawo bakin tudu. In aikin hajji ya gabato, sai ka ga jirage sun yi jere a kan ruwa suna jiran layi, wani ya yi makonni, a nan Makka kuwa mata suna zagaya kantuna suna neman shinkafar da ke kwance a cikinsu. Mu muna cikin ramin jirgi, inda kaya suke. Ana shimfiɗa raga ta igiya a tsakiya, daidai ƙarƙashin bakin ramin, a jera buhuna a kanta, a tattaro kusurwoyinta huɗu a rataya a ƙugiya. Mai winshi, wato injin da ke jan igiyar, ya ɗaga ta sama ya juya ya sauke a kwale-kwale. Mu kuma mu ja gefe mu zauna har ragar ta dawo. Haka muka tarar ana yi, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

Mai rataya raga a ƙungiyarmu shi ne kakanku, mahaifin mahaifiyarku. Ba zan rubuta sunansa ba, kun san shi, shi ne sunan da Abba yake ɗauke da shi. Bafillacen ƙasar Katsina ne, dogo, marar yawan magana, ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa. Shi ya tsince ni a bakin tasha ban san kowa ba, ya saka ni aiki, daga baya ya ba ni 'yarsa. Rataya raga aikin dattijo ne, don ba ɗaukar nauyi a cikinsa, sai dai sanin ɗauri. In ya rataya, yana da wani lungu a gefen ramin inda iska ke ɗan sauka. Nan yake zama kan buhu da carbinsa har ragar ta dawo. A kowane jirgi muka shiga sai ya nemi irin wannan lungun, kuma ba mai zama a wurin ko da ba ya nan.

Ku da kuka tashi a nan, kuna ganin surukai suna cin abinci a faranti ɗaya suna hira, zai yi muku wuya ku gane yadda muke da shi. Gida ɗaya muke a unguwar Utaibiyya a nan Makka, ɗakinsa na kallon namu, amma ban taɓa cin abinci yana gani ba. In na hango shi a lungu sai in cire takalmi in durƙusa. Ban taɓa ɗaga murya a inda yake ba. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wa mahaifiyarku, yaron nan ya dawo? Ranar Alhamis in muka hau motar komawa Makka, shi yana gaba kusa da direba, ni ina can baya kan kaya. Wannan ba ƙiyayya ba ce. Ban ƙaunaci wani namiji a duniya kamar yadda na ƙaunace shi ba, kuma a wurinmu hanyar nuna hakan ke nan.

Da aka naɗa ni mukaddam, shugaban ƙungiya, saboda Larabcin da na koyo a Sudan da kuma iya karanta lambar buhu, sai na zama ni ke ba da umarni a wurin da surukina yake aiki. Abin bai dame mu ba, don shi ba ya bukatar umarni, ya fi ni sanin aikin. In kuma wata magana ta kama dole, akwai Modu. Modu Babarbare ne, sa'an kakanku, tare suka keto Chadi a ƙafa. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, don haka babu abin da Modu ba zai iya gaya wa kakanku ba. Shi ne bakina a wurinsa.

Wata safiyar Juma'a ina zaune a tsakar gida, mahaifiyarku da maƙwabciyarmu suna dakan gero a turmi ɗaya. Taɓarya ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa, turmin bai taɓa zama ba kowa ba. Na daɗe ina kallo har ta lura.

"Malam, yunwa ce ko kuwa yau ka fara ganin daka?"

"Ina lissafin wani abu ne."

"To ka yi lissafinka can gefe, kana tare mana iska."

Abin da na gani shi ne, mu a jirgi taɓarya ɗaya gare mu. In raga tana sama, mutane sha biyu suna zaune. In mutane suna lodi, ƙugiya tana rataye tana jira. Rabin yini kowa jiran wani yake yi. Da za a shimfiɗa raga biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, ana cika wannan waccan tana sama, da ƙugiya ba za ta tsaya ba. Na kai maganar wurin wakilin kamfanin da muke wa aiki, wani mutum mai ƙarancin haƙuri. Ya saurare ni yana kaɗa ƙafa, ya ce in gwada a jirgi ɗaya, in abin ya lalace a kaina yake. Mutanena ba su so ba da farko, don zaman jiran nan shi ne hutunsu. Sai na raba su gida biyu, kowane ɓangare da ragarsa, na ce in taku ta tashi ku sha iska kafin ta dawo. Muka gwada a wani jirgin shinkafa. Kafin la'asar mun kai inda muka saba kaiwa da magariba. Cikin 'yan kwanaki wasu ƙungiyoyin suka fara leƙowa suna kallo. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Ni da ban wuce allo da ajin yaƙi da jahilci ba, ga Larabawa da Indiyawan jirgi suna nuna ni da yatsa.

Amma sabon aikin ya zo da wani abu. Da, raga a tsakiya take, in an ja ta sai ta miƙe sama kai tsaye. Yanzu da take gefe, in an ja sai ta fara jan ƙasa, ta yi lilo zuwa ɗaya gefen, sannan ta daidaita. Raga cike da shinkafa ta fi nauyin raƙuma biyu. Na tara mutanena na ce, duk wanda ragarsa za ta tashi, ya koma bayanta, kada ya tsaya a gabanta. Kowa ya ji. Kakanku yana wurin, amma ba shi nake kallo ba, kuma a al'adarmu maganar da na yi wa yara ba ta shafe shi ba. Ya ci gaba da yadda ya saba. Ya rataya, ya taka zuwa lungunsa, ya zauna. Lungun kuwa yana daidai inda ragar hagu ke kaiwa in ta yi lilo. Na kuma lura tafiyarsa ta ragu, ba ya saurin da sabon aikin ke bukata. Abin da ya kamata in gaya masa biyu ne: ya bar lungun, kuma lokaci ya yi da zai bar ramin jirgi ya koma sama, wurin ƙirgar raga da kula da ruwan sha. Na kwana biyu ina juya yadda zan faɗa. A ƙarshe na yi abin da na saba, na kira Modu.

"Ka lallaɓa shi," na ce. "Ka san yadda za ka yi."

"Bar ni da bawana," in ji Modu. "Ni na san inda ake kama shi."

Ina tsaye a bakin ramin daga sama lokacin da ya isar da saƙon. Ana hutun azahar, kowa na zaune.

"Kai Bafillace," in ji Modu, "mukaddam ya ce wannan lungun naka an sayar. Tattara carbinka ka hau sama ka riƙa gadin tulu. In kuma tsufan ya kai, ka koma Makka a dama maka fura da nono."

Yara suka fashe da dariya. Kakanku ma ya yi dariya, ya nuna Modu da carbi.

"Ku ji bawa ya samu baki. Ranar da aka fara aiken Babarbare da maganar hankali, ranar zan tashi daga nan."

Aka sake dariya, aka tashi salla. Da aka koma aiki, ya rataya ragarsa ya taka zuwa lungunsa. Ni kuwa na ga haka da idona. Na san saƙon bai zauna ba. Na gaya wa kaina ai na faɗa, an ji, sauran ya rage gare shi. Abin da na yi kawai shi ne na je wurin mai winshi na roƙe shi ya riƙa jan ragar hagu a hankali. Mutumin kirki ne, ya yi yadda na ce, ragar tana zuwa kusa da gwiwar kakanku ta koma. Haka muka yi mako uku.

A cikin makonnin nan Juma'a uku muka yi a gida, ɗakinsa taku goma daga nawa. Ta biyun na yi niyya sosai. Bayan an sauko daga masallaci na je ƙofar ɗakinsa na durƙusa. Yana zaune kan buzu yana gyaran igiyar takalminsa.

"Barka da hutawa, Baba."

"Yauwa, barka kadai."

"Ya gajiyar mako?"

"Da godiya."

Ya ajiye takalmin. Na ga ya ajiye. Ina kallon ƙasa, ina jin kalmomin a bakina kamar tsakuwa. Ta ina yaron da aka tsinta a bakin tasha zai fara gaya wa wanda ya tsince shi cewa ya tsufa? Na ce a huta lafiya, na tashi. Mahaifiyarku tana bakin murhu, Safiya na goye a bayanta.

"Me ka je yi wurin Baba?"

"Gaisuwa."

"Gaisuwa sau biyu a yini ɗaya? Ko wani abu ka yi masa?"

"Ba komai."

Ta dube ni, ta ci gaba da fifita wuta.

Ranar Talatar da ta biyo bayan Juma'a ta uku aka ba mu wani sabon jirgi. Winshinsa na lantarki ne, ba irin na tururi da muka saba da shi ba, kuma mai jan sa ma'aikacin jirgin ne, ba ya jin Larabci sosai. Na yi masa nuni da hannu cewa a hankali, ya gyaɗa kai. Da hantsi, raga ta huɗu ko ta biyar, kakanku ya rataya ta hagu ya juya ya nufi lungunsa. Ina sama ina ba da hannu. Na ga igiya ta miƙe da ƙarfi fiye da yadda ya kamata, na ga ragar ta baro ƙasa ta nufi bayansa. Akwai lokaci. Wannan nake so ku sani, akwai lokaci, kamar na numfashi biyu. Da wani ne cikin yaran, da na kira sunansa da muryar da za a ji a jirgi na gaba, ya faɗi ƙasa ragar ta wuce ta kansa. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne "Baba," da muryar da na saba durƙusawa da ita. Sai a numfashi na biyu na juya na daka wa mai winshi tsawa ya tsaya. Kafin ya tsaya ragar ta riga ta kai.

Ta same shi a ƙugu ta haɗa shi da bangon ƙarfe. Bai yi ƙara ba. Modu ne ya fara isa gare shi. Muka fito da shi a cikin ragar da ya yi shekaru yana ratayawa, don babu wata hanyar hawa da shi. A asibiti a Jidda ya yi kwanaki, likita ya ce ƙashin baya ne, ƙafafun ba za su sake motsi ba. Kakanku ya ce shi a kai shi Makka. Muka shimfiɗa katifa a bayan mota muka kawo shi Utaibiyya, maza huɗu suka hau da shi tudun gidanmu a kan ƙyauren ƙofa.

Mutane sun yi magana, kamar yadda suka saba. Wasu suka ce kwana ne ya zo da rabonsa. Wasu suka ce mukaddam ya so ya burge Larabawa ya ƙare da karya surukinsa. Mahaifiyarku ita ke juya shi, ita ke wanke shi, ga goyo, ga cikin Abba ya fara nauyi. Ba ta tambaye ni yadda abin ya faru ba, ni ma ban faɗa ba. Ina zuwa Alhamis in durƙusa a ƙofa in gaishe shi, ya amsa daga kwance, in tashi.

Wata Juma'a bayan la'asar ya ce yana sha'awar goro, kuma ba na maƙwabta ba, sabo yake so daga kasuwar Zahir. Mahaifiyarku ta sa mayafi ta ɗauki Safiya suka fita. Ina tsakar gida ina ɗinke wani buhu, sai na ji an ce:

"Garba."

Ban gane muryar ba da farko, don ban taɓa jin sunana a cikinta ba. Na je ƙofa zan durƙusa.

"Shigo. Wuyana ba ya juyawa. Zauna inda zan ga fuskarka."

Na shiga na zauna a gefen katifa. Shekara tara ina auren 'yarsa, ranar na fara ganin cewa idonsa ɗaya ya fi ɗaya ƙanƙanta.

"Saƙonka ya iso ni," ya ce. "Tun ranar ya iso. Shekara talatin ina tare da Modu. Na san wasansa, na kuma san ranar da aka ɗora masa kaya."

"To Baba, me ya sa..." Ban iya ƙarasawa ba.

"A gaban yara, da bakin Babarbare, ana dariya? In na tashi ranar, na zama tsohon da aka kora da wasa. Na ce bari in jira, yaron nan zai zo da kansa. Da ka zo ka durƙusa ranar nan, na ce to ga shi. Har na shirya abin da zan ce maka, don kada abin ya yi maka nauyi. Sai ka tambaye ni gajiya."

Ya yi ɗan murmushi. Ni ban iya ba.

"Ba kai kaɗai ba ne. Ni ma na ga ragar tana zuwa gwiwata kullum. Ina da ƙafa a lokacin, da na matsa. Girman kai ne, Allah Ya yafe mini." Ya ja numfashi. "Kuma na ji ka, ranar. Na ji ka ce Baba. Har na ɗago kai zan amsa gaisuwa."

Na sunkuyar da kai. A waje mai ruwa yana wucewa da garwayensa yana kira.

"Wa ke rataya raga yanzu?"

"Modu."

"Gwiwar Modu ta hagu ba ta lanƙwasuwa. Ya fi shekara yana ɓoyewa, ni kaɗai na sani. Ka je ka gaya masa ya hau sama. Da bakinka, Garba. Kada ka aiki kowa."

"To, Baba. Ragar biyun kuma zan sa a daina."

"Kada ka soma. Aikin ya fi kyau haka. Tun ina da ƙarfina nake ganin ƙugiyar nan tana jiranmu, ban taɓa tunanin a ƙara raga ba. Ragar ba ta yi laifi ba." Ya rufe ido. "Tashi ka fita kafin ta dawo ta gan ka a nan, ta ɗauka mutuwa zan yi."

Ranar Asabar da safe, kafin a shiga kwale-kwalen da ke kai mu jirgi, na ce wa Modu ina son magana da shi. Na ja shi bayan rumbun kaya inda ba kowa. Sa'an surukina ne, shi ma ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Na kalla. Na ce masa daga yau ba zai sake sauka rami ba, gwiwarsa ba za ta iya da raga biyu ba, zai koma sama wurin ƙirga. Na kai ƙarshen maganata. Na jira ya mayar da abin wasa, bai mayar ba.

"Shi ya aiko ka?"

"Shi ya ce in zo. Amma maganar tawa ce."



"Da ni ma na ja shi gefe kamar haka," ya ce. "Na ga yara a zaune, na ce bari in ba su dariya."

Ya cire tsumman da yake naɗe hannu da shi in zai kama igiya, ya miƙa mini, ya wuce. Daga ranar, duk wanda na ga aikin ya fi ƙarfinsa, ni nake zuwa in same shi shi kaɗai. Wasu sun yi fushi da ni, ɗaya ya shekara bai amsa sallamata ba. Na kuma sa aka shafa farin fenti a ƙasan kowane ramin da muka shiga, iyakar inda raga ke kaiwa, kuma na koyi ɗaga murya a kan kowa, babba da yaro. Aikin raga biyu ya bazu a tashar, jirage suka rage kwana a kan ruwa. Har zuwa lokacin da akwatunan ƙarfe suka zo suka tashe mu gaba ɗaya, ba a sake fito da wani daga ramina a cikin raga ba.

Kakanku bai kai hajjin shekarar ba. Ya rasu wata safiya ina Jidda, kafin in iso an yi masa wanka. Modu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi, da gwiwar tasa.

Bayan kwana bakwai, da hantsi, masu gaisuwa sun ragu, na tarar da mahaifiyarku a tsakar gida tana wanke rigunansa don a bayar. Cikinta ya tsufa, da ƙyar take sunkuyawa. Na zauna a kan turmi na ce ina da magana. Na gaya mata yadda ragar ke lilo, da lungun, da aiken Modu, da Juma'ar da na je na dawo da maganata. Na gaya mata akwai lokaci, kuma na kira shi da muryar da ba ta isa ta ta da kaza ba. Tana ta cuɗa riga ba ta ɗago ba. Ina shirin in gaya mata abin da ya faɗa mini ranar goro, sai ta katse ni.

"Ni ma akwai abin da ban gaya maka ba," ta ce. "Kunnen Baba ya daɗe da tafiya. Na dama ya mutu, na hagun saura kaɗan. Shi ya hana ni faɗa. Ko ihu ka yi, da ba zai ji ba."

Na dube ta. Mutumin da ke jin kukan Safiya daga ɗakinsa kafin mu da ke kusa mu ji. Mutumin da ya gaya mini da bakinsa ya ɗago kai zai amsa. Mahaifiyarku ba ta iya ƙarya ba, kun san ta, in za ta yi sai ta kasa kallon mutum. Ranar ma ruwan wanki take kallo. Kwana bakwai da binne ubanta, tana zaune tana nema wa wanda ya jawo abin hanyar da zai iya ci gaba da rayuwa a gidan. Na ga in na ce mata na san ba haka ba ne, na mayar mata da abu ɗaya da ta samu ta ba ni. Shekara arba'in da wani abu muka yi bayan wannan, ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma haka. Ko ta tafi tana zaton na yarda, ko ta san ban yarda ba ta ƙyale ni, wannan ban sani ba, kuma yanzu babu wanda zan tambaya.

"Allah Sarki," na ce. "Ashe haka ne."

"Haka ne," ta ce.

Ta ɗago babbar rigarsa daga cikin ruwa, ta yi mata nauyi. Ta miƙo mini baki ɗaya, ta riƙe ɗaya, muka matse.